Rabon Mai Masauki

Sabar, babbar kwamfutar da sauran za su dogara da ita, ta iso Faskari a bayan motar hatsi, an naɗe ta da bargo an ɗaure da igiya kamar marar lafiya. Ƙungiyar ci gaban gari ce ta saye ta. Tuni an jera kwamfutocin ɗalibai a babban ɗakin cibiyar, an kafa sola a rufi, an ja wayoyi. Abin da ya rage shi ne a ɗora wa sabar manhaja, masu duba cibiyoyin jarrabawa su zo su gani, su sa hannu. In sun sa, yaran Faskari da Daudawa da Yankara, har da na Damari, a nan gida za su rubuta jarrabawar shiga jami'a. In ba su sa ba, sai irin ta kowace shekara: a cika motoci tun da asuba, a bi hanyar da kowa ya san halinta, iyaye su wuni da waya a hannu. Bara an tare mota ɗaya. Mutanen gari ba sa son a tayar da maganar.

Aikin ɗora manhajar na Mas'udu ne. Shi ya karanto abin a Indiya, ya dawo da takarda da ɗan gemu da ƙarancin magana. Shi ne kuma mijin Amatullah, 'yar Alhaji Abdulƙarim, shugaban ƙungiyar.

Ya so ya yi aikin shi kaɗai. Bai samu ba. Yana kunna na'urar sai ga Alhaji da dattawan kwamiti, sun cika ɗan ɗakin da aka ware wa sabar. Mas'udu ba zai iya zama a kujera surukinsa na tsaye ba, don haka ya sauko da kibod ɗin kan kwali, ya zauna a ƙasa, yana ɗaga kai yana duban allo.

"Injiniya, mi ake yi yanzu?" in ji Alhaji.

"Rabo nake yi, Baba."

"Rabon mi?"

"Faifan ajiya. Kamar fili ne guda, sai an yanka shi ɗaki-ɗaki kafin a zauna."

Da ya tsaya a nan da an wuce wurin. Amma dattawa sun matso, kuma mutumin da ya yi shekaru yana karanta abu yakan so a gane shi. Ya ce musu wannan ƙarfen da suke gani ba kwamfuta ɗaya zai zama ba. A cikinsa za a sauki wasu kwamfutoci uku marasa jiki: ta jarrabawa, ta darasi, da mai gadin intanet.

"Ita babbar ana ce mata mai masauki. Su kuma na cikin, baƙi. Waɗanda suka ƙera abin, haka suka sa masu suna."

Fuskar Alhaji ta saki. "Ashe su ma sun san baƙunta. To, shi mai masaukin, nawa ka yanka mashi?"

"Giga ɗari, Baba. Cikin dubu. Sai ɗan lungun da yake tashi daga ciki in an kunna, da wani ɗan wuri na jingine kaya in ƙwaƙwalwa ta cika. Sauran duk na baƙi ne."

"A ɗarin nan, nawa zai zauna a ciki yau?"

"Kamar biyar ko shida."

Alhaji ya juya ya dubi dattawa. "Kun ji. Mutum zai zauna a shida, ya killace ɗari. Kuma shi ya fara ɗiba, tun baƙi ba su sauke kaya ba."

"Wanga ba mai masauki ba ne, dillalin fili ne," in ji Malam Hadi, ma'ajin ƙungiya. Ɗakin ya ɗauki dariya.

Amsar tana bakin Mas'udu, a jere. Mai masauki rubutu yake yi dare da rana, duk motsin da aka yi a gidan sai ya rubuta ya ajiye a ɗakinsa. Duk kayan da aka kawo wa baƙo, a ɗakinsa ake fara sauke su. Ranar da ɗakinsa ya cika, ko ƙofa ba zai iya buɗe wa baƙo ba. Kuma ɓangaren baƙi, irin yankan da ake masa, ana iya ƙara shi amma ba a iya rage shi, sai dai a rushe komai a sake.

Ya ɗaga kai zai fara, sai idonsa ya faɗa kan ƙafar Alhaji, da faso da ƙurar hanya. Tun da aka tashi ƙauyukan yamma, gidan mutumin nan cike yake da waɗanda suka gudo. Turakarsa ma ya bar wa wani magidanci mai iyali, shi yana kwana a zaure kan tabarma. Garin duk an sani. Wannan mutumin ne Mas'udu zai ce wa, a gaban abokansa, mai gida ya fara tanadar wa kansa wuri?

"Haka ne, Baba," ya ce.

"Ba shi goma. Ya ma yi mashi yawa."

Mas'udu ya sa yatsa ya goge sifili ɗaya. Allo ya tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce ya tabbata. Dattawa suka ɗaga hannu aka yi addu'a, faifai na ta aikinsa.

Tabita tana bakin ƙofa duk lokacin. Ita ke koyar da ɗalibai a cibiyar, kuma tare suka yi firamare da Mas'udu, ba ta raga masa. Ta bari sai da takalman dattawa suka yi nisa.

"Ɗan Indiya, goma na gani ko idona ne?"

"Zan gyara."

"Yaushe?"

"In sun manta."

"Alhaji ne zai manta? Allah ya ba ka haƙuri."

Alhaji bai manta ba. Maganar ta yi masa daɗi fiye da sabar kanta. Ya faɗe ta a ƙofar masallaci, ya faɗe ta a wurin ɗaurin aure a Yankara: na'urar Turawa ta zo da rowa, shi da surukinsa suka koya mata yadda ake sauke baƙo. Liman ya sako ta a wa'azi. Masu shayi suka koma kiran Mas'udu da Mai Masauki, yana amsawa da ɗaga hannu, kansa a ƙasa.

Makullin ɗakin sabar kuma yana aljihun Alhaji, shi yake buɗewa da safe ya rufe da yamma, don ya ce kayan jama'a ne. Kafin Mas'udu ya ankara Tabita ta loda darussa da tambayoyin gwaji, yara sun fara zuwa. Gyara yanzu yana nufin a kwashe komai, a rufe cibiya, a rushe, a sake. Sai an nemi izinin shugaba. Shugaba kuma zai tambayi dalili.

Sai ya koma shara. Kowace safiya, kafin yara su iso, yakan shiga ya goge abin da mai masauki ya rubuta jiya. In inbatar wutar sola ta yi gardama da rana, rubutun yakan yi yawa, ya tarar da ɗakin ya kusa cika. Ya goge, ya numfasa, ya fito. Mutumin da ya yi karatu a ƙetare ya zama mai kwashe shara a ɓoye a bayan kuskuren da ya yi da hannunsa, ido buɗe.

Ya gwada ta wajen Amatullah. Tana tankaɗen gari ya tsaya a kanta.

"Da za ki iya gaya ma Baba wata magana."

"Wace magana?"

Ya yi mata bayani. Ta saurara har ƙarshe, ta kaɗe rariya.

"Kai da ka hau jirgi ka tsallaka teku, zauren Baba ne ya gagare ka?"

"Ba haka ba ne."

"Ni in na je, cewa zai yi mijina ya aiko ni. Ka ga an ƙara wata kunyar kan wata. Ka tafi da kanka, ba ya cizo."

Ya tafi. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa a bakin zaure. Ya tarar da Alhaji da baƙinsa sun kewaye kwano ɗaya, tuwon bai kai yawan hannuwan ba, Alhaji na tura nasa gefen gaban wani tsoho yana yi kamar yana ci.

"Ga shi nan," in ji Alhaji. "Shi nake ba ku labari. Yaro ya yi karatu wajen Indiyawa, amma da na ce mashi ba haka ake yi ba, bai ko musa ba. Injiniya, lafiya dai?"

"Lafiya lau, Baba. Gaisuwa na zo."

Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya sa takalminsa, ya koma gida.

Masu duba cibiyoyi sun iso da hantsi, a mota mai rakiyar 'yan sanda. Shugabarsu wata Hajiya Mansura ce, mai tabarau da gajeriyar magana. Tun a bakin ƙofa ta ce wa Alhaji ba za su ci abinci ba, dole su bar garin kafin la'asar, don direbansu ba ya bin hanyar nan da yamma.

Iyaye sun ji labari sun taru a inuwar bedin da ke gaban cibiyar. A cikinsu akwai Mairo, wata mata daga Daudawa, da 'yarta Fatsuma wadda za ta rubuta jarrabawa bana. Da Mas'udu zai wuce ta tare shi.

"Malam, an ce yau za a sa hannu?"

"In Allah ya so, Inna."

Hajiya Mansura ta bi kwamfutoci layi-layi tana taɓawa. Ta duba batura, ta sa aka kashe sola ta ga ko janareta zai ɗauka. Ya ɗauka. Ta leƙa banɗaki. Tana ta gyaɗa kai, Alhaji na biye da ita, babbar rigarsa na jan ƙasa. Aka zaunar da yara a gaban kwamfutoci don gwaji. Daga nan ta ce a kai ta ɗakin saba.

"A kashe kwamfutar jarrabawar da kuke da ita a ciki," ta ce. Mas'udu ya kashe. Ta miƙo masa filashi. "Ga tamu. A loda ta, a tayar, mu ga yadda za ta ɗauki yara."

"Nawa ne girmanta, Hajiya?"

"Ba yawa. Giga bakwai."

Da safen nan ya yi shara, ya san abin da ya rage a ɗakin mai masauki. Bai kai huɗu ba.

"Ko in karanta ta kai tsaye daga filashin?"

"A'a. Ta shafin lodi, yadda za a yi ranar jarrabawa."

Tabita ta dube shi. Dattawa suna bayansa, Alhaji a gaba. Ko a lokacin akwai damar magana. Ya danna.

Layin lodi ya tashi da sauri, ya haura rabi kaɗan, ya tsaya. Aka jira. Shafin ya kore shi waje. Ya sa kalmar sirri, ya ƙi karɓa. Ya shiga ta baƙin allon ba da umarni, ya ce a tayar da tsohuwar kwamfutar jarrabawa, ko yara sa ga wani abu a gabansu. Mai masauki ya amsa da layi ɗaya: babu wuri. Daga babban ɗaki aka fara jin hayaniyar yara.

"Matsa," in ji Hajiya Mansura.

Ta ja kujera ta zauna, ta buga 'yan kalmomi. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake duba allon.

"Wa ya raba faifan nan?"

"Ni ne."

"A ina ka yi karatu?"

"Indiya."

"Can suka koya maka haka?"

"A'a, Hajiya."

"Mai masauki giga goma, ya cika maƙil. Ɓangaren baƙi sama da ɗari tara, ko kashi ɗaya cikin goma ba a taɓa ba. Ban taɓa ganin irin wannan ba."

Alhaji ya matso. Har lokacin da sauran murmushi a fuskarsa, don a zatonsa yabo ne ke tafe.

"Hajiya, ai da gangan ne. Mu nan ba mu san mai masauki ya kame wuri baƙo na raɓe ba. Ni na ce a rage mashi."

Hajiya Mansura ta dubi Alhaji, ta dubi Mas'udu, kuma Mas'udu ya ga lokacin da ta gane komai. Ta miƙe tsaye, ta sassauta murya.

"Alhaji, Allah ya saka da alheri. Amma wannan suna ne kawai aka ara. A na'ura, duk abin da za a ba baƙo ta ɗakin mai masauki yake bi. In ɗakinsa ya cika, baƙin gaba ɗaya sun tsaya, ko da nasu wurin fili ne fetal. Abin da ya faru ke nan yanzu. Duk wanda ya karanta aikin ya san wannan tun a shekarar farko."

Ba ta faɗi jimlar ƙarshe da mugunta ba. Da ta san inda za ta sauka, wataƙila da ta haɗiye ta.

"Hajiya, zan iya share rabin da ya shiga," in ji Mas'udu, da sauri. "In yanko wani wuri daga ɓangaren baƙi in jingina masa. Yanzu-yanzu."

"Za ka iya, na sani. Faci ne. Ranar jarrabawa yara ɗari suna aiki, shi yana rubutu, ba za ka tsaya kana shara ba. Ƙa'idarmu ta faɗi mafi ƙarancin abin da za a ba shi, kuma goma ba ta kusa ba. Sai an rushe an sake rabo."

"Zan sake. Ku ba ni zuwa gobe."

"Gobe muna Ƙanƙara, jibi Sabuwa, daga nan a rufe zagayen bana." Ta zare filashinta. "Sai zagaye na gaba, baɗi. Abin takaici, kayanku sun fi na wasu cibiyoyin birni."

Ta yi sallama da dattawa cikin ladabi, ta fita ta ƙofar baya inda motarsu take. Malam Hadi ya bi ta yana roƙo har bakin mota. Ba ta sa hannu ba.

Dattawa suka zame ɗaya-ɗaya, kowa na duban ƙasa. Tabita ta tafi sallamar yara, ta ja ƙofa a bayanta. Da ta yi masa tsiya da ya fi jin sauƙi. Ya rage daga shi sai Alhaji, sai ƙarar fankar saba.

Mas'udu ya durƙusa. Alhaji ya zauna a kujerar da Hajiya ta tashi, ya daɗe yana kallon allon da ba ya iya karantawa.

"Abin da matar nan ta faɗa, ka san shi?"

"Na sani, Baba."

"Tun ranar?"

"Tun ranar."

"Mi ya hana ka faɗa mani?"

"Nauyi, Baba."

"Nauyi." Alhaji ya juya kalmar a bakinsa. "Ni manomi ne, Mas'udu."

Bai taɓa kiran sunansa haka ba, tun da aka ɗaura aure.

"In mai maganin feshi ya ce mani murfi biyu ake zubawa, ba ni cewa a zuba ɗaya don kada ciyawa ta ji haushi. Na san akwai abin da ban sani ba. Da ka ce mani a'a gaban su Malam Hadi, da na ji zafi yini guda, in kwana in huce. Amma ka dube ni, ka ga tsohon da ba a iya gaya ma gaskiya. Ka bar ni ina yawo da ita masallaci-masallaci. Har gidana ka zo, ka ji ina faɗa ma baƙi, ka gaishe ni ka tafi."

"Na yi kuskure, Baba."

"Ni ma na yi. Na sa baki a abin da ba nawa ba, don in ji daɗin bakina. Wannan tawa ce, zan ɗauka." Ya miƙe, ya gyara rigarsa a kafaɗa. "Amma mutanen da ke waje ba nauyinka suka zo ji ba, ba kuma karamcina ba. Tashi. Ni zan tsaya kusa da kai. Kai za ka faɗa masu."

Suka fito tare. Rana ta take, inuwar bedi ta tsuke, mutane sun matsu a cikinta. Sun ga motar baƙi ta tafi, sun ga yara sun fito ba murna, amma ba wanda ya watse. Da suka hango Alhaji sai maza suka fara miƙewa.

Mas'udu ya buɗe baki. Ya shirya zai fara da sallama da godiya, ya bi ta bayani a hankali. Mairo ba ta ba shi wannan damar ba.

"Malam, an sa hannun?"

"Ba a sa ba, Inna."

"Kayan ne ba su yi ba?"

"Kayan sun yi. Ni na ɓata aikin."

Wani daga baya ya yi salati. Mairo ba ta ɗauke ido daga kansa ba.

"Bana ma sai sun tafi ke nan."

"Sai sun tafi."

"Da asuba?"

"Da asuba."

Ta gyaɗa kai. Ta ja mayafinta ta rufe kafaɗa, ta waiga tana neman 'yarta a cikin yara.

"Fatsuma, taso mu tafi, kada mu rasa motar Daudawa."